Shekarar da Kwamfuta Ta Kasa Nemo Mini Uwa

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuka fara wayo, akwai wata magana da ke yawo a gidan nan tun bayan rasuwar Inna mahaifiyata, kuma ina so in kashe ta da bakina tun ina da sauran numfashi. Wai Inna ba ta ƙaunata. Wai shi ya sa har ta koma ga Mahaliccinta ba a taɓa jin sunana a bakinta ba. Na ji Kabiru yana faɗa wa matarsa haka a ƙofar kicin, yana zaton kunnena ya mutu. Kunnena lafiyarsa ƙalau, gwiwa ce kawai ta gaza. To ku saurara in ba ku labarin shekarar da Rukayya ta zo gida da kwamfutarta, domin a cikinku ita kaɗai ta ga ƙarshen abin da idonta, kun kuwa san halinta, sai an matsa mata take buɗe baki.

A Fagam aka haife ni, ni ne ɗan fari a wurin Inna. Ana yaye ni Gwaggo Dije, yayar mahaifina, ta ɗauko ni ta kawo ni nan Birnin Kudu, a hannunta na tashi, ita ta sa ni makaranta, ita ta yi mini aure. Mutanenmu Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya. Fillancin ya tafi, shanun ma sun ragu, amma kunyar tana nan daram. Mace a wurinmu ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in kuma aka ce ta lissafa 'ya'yanta daga na biyu take farawa. Inna kuwa ta riƙe wannan abu fiye da kowace mace da na sani. In na je gaishe ta sai ta juya gefe tana gyara ƙwaryar da ba ta buƙatar gyara, ta amsa mini kamar da bango take magana. In za ta ambace ni a wurin wani, sai ta ce mutumin Birnin Kudu. Haka na girma, haka na yi furfura, ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya ba, domin kowa haka na ga ana yi masa.

Abin da ya jawo maganar kwamfuta abin kunya ne da abin dariya a haɗe. An yi mana rasuwa a Gwaram, sai wasu magidanta biyu daga cikin danginmu, ɗaya daga Kano ɗaya daga Bauchi, suka yi cacar baki a tashar Birnin Kudu a kan kujerar gaba ta bas. Har iyaye suka zagar wa juna. Suka sauka a Gwaram kowa ya hau mashin, sai ga su sun yi kiciɓis a tabarma ɗaya wurin zaman makoki, ashe ɗan wa da ɗan ƙane ne. Dattawa suka yi ta salati. A nan aka ce lallai a tattara dangi a san wane ne wane kafin tsofaffi su ƙare, aka kuma ɗora mini aikin saboda na yi ritaya kuma na taɓa aiki da kwamfuta a sakatariya. Ni kuwa iyakar sanina buga takarda ne, sai na kira Rukayya, wadda wannan ne karatunta kuma shi take ci da shi a Kano.

Ta zo da damina, ta zauna da ni a zaure ta yi mini bayani. Ta ce ba irin teburin nan mai layi-layi da na saba da shi za mu yi ba, wani irin rumbun bayanai ne da ke ajiye alaƙa. Kowace magana gaɓa uku ce: mutum, abin da ya haɗa shi da wani, sai wanin. Iro ƙanena ɗan Inna ne. Inna matar mahaifina Malam Jibo ce. Kowace magana zare ɗaya ce tsakanin mutum biyu, in zaren ya yi yawa sai ka yi wa na'urar tambaya ta bi shi ta kawo maka amsa. Har ƙa'ida ana koya mata, a ce mata ɗan'uwan uba baffa ne, daga nan ita da kanta za ta gano baffannin kowa ba sai an faɗa mata ba. Mahaifiyarku, Hajiya Rabi, ta leƙo ta ga ɗigo-ɗigo da zare a fuskar kwamfutar.

"Au, saƙar gizo-gizo kuka zauna yi? To Allah ya ba da sa'a, ni dai a tashi a ci abinci."

Sunan da ya bi abin ke nan har yau. Ni kuma, da yake na san halin danginmu da gardama, sai na kafa sharaɗi a gaban dattawa: ba za a ƙulla zaren haihuwa tsakanin kowa da kowa ba sai an ji daga bakin wanda ya haifa, ko wanda ya halarci sunan, kuma a naɗi muryarsa a waya a ajiye tare da zaren. Ba na son gobe wani ya ce Adamu ya zauna a zaurensa ya ƙirƙiro wa mutane iyaye. Kowa ya yaba, har aka ce Malam Adamu akwai hangen nesa. Muka yi ta zaga ƙauyuka a kan mashin, Fagam, Dingaya, cikin Gwaram, muna kutsawa ta cikin gero da dawa, tsofaffi suna lissafa 'ya'yansu Rukayya tana naɗa. Ranar da aka je wurin Inna ban shiga ba, na tsaya gonar Iro ƙanena muna duba riɗi.

Wahalar ba ta fara ba sai da aka zo loda bayanan. Karon farko ana tsakiyar lodi batir ya mutu, da aka samu wuta ta sake lodawa a kan na farko, sai rabin dangi suka fito bibbiyu. Ta share komai ta sake daga tushe. Wannan karon ya shiga lafiya, ta ce in yi tambayar da nake so. Na ce a nuna mini matan Muhammadu na Dingaya. Jama'a, sai ga mata sun cika fuskar kwamfuta har suna gangarowa ƙasa, a cikinsu har da kakarsa ta wajen uba! Ashe duk wani Muhammadu da ke cikin dangi na'urar ta dunƙule shi ya zama mutum ɗaya, kun kuwa san a gidanmu in ka jefa tsakuwa a kan Muhammadu za ta faɗa. Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wannan bawan Allah ai sai a kai shi gaban alƙali," in ji ta.

Rukayya ba ta yi dariya ba, ta dafe kai. Ta ce laifinta ne, da suna ta bambanta mutane, dole kowa a ba shi lambarsa shi kaɗai kamar yadda ake yi wa shanu shaida, sunan ya zama laƙabi kawai. Muka zauna muna raba Muhammadu da Muhammadu, ni ina cewa wannan na Dingaya ne mai gurguwar ƙafa, wancan na bakin kasuwa ne. Da muka gama sai matsalar ta juyo ta ɗaya gefen: mace ɗaya ta fito mutum uku, domin wani ya kira ta Hauwa, wani Kulu, wani kuma Ta-Fagam. Nan ma aka koya wa na'urar cewa duk mutum ɗaya ce. Akwai ranar da ta rubuta tambaya ta juya kan zaren, muka nemi 'ya'yan Iro aka kawo mana iyayensa. Ina zaune gefenta ina ba ta shawarar da ba ta nema ba, tana cewa Baba don Allah ka bari in yi tunani. Wallahi na ji daɗin kwanakin nan. Tun tana 'yar firamare rabon da in zauna da ita haka.

Ranar da komai ya daidaita, bayan la'asar, ta ce bari mu gwada da babban gida. Ta rubuta tambaya: a kawo duk zuri'ar Inna, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne. Amsa ta fito. Iro ne a sama, sai ƙannenmu mata, sai 'ya'yansu. Na duba daga sama har ƙasa, na gyara tabarau na sake dubawa. Babu ni. Babu Kabiru, babu Rukayya da ke riƙe da kwamfutar, babu ko ɗaya daga cikinku.

"Baba, kar ka damu, tambayar ce na rubuta ba daidai ba."

Ta sake rubutawa, amsa ɗaya. Ta ce wataƙila wani fayil ne bai shiga ba, ta duba, duk sun shiga. Ta share rumbun kaf ta sake lodawa, muka jira, amsa ɗaya. Ta nemo lambata ita kaɗai, sai ga ni na fito: ga zare zuwa Hajiya, ga zare zuwa gare ku, ga na riƙo zuwa Gwaggo Dije, amma ta sama babu komai, ina reto ni da iyalina a gefe guda. Can ta ce bari ta tambayi abin ta wata hanya. Ta ce a kawo duk wanda ba shi da zaren uwa. Sunaye suka jeru, tana karantawa ina jin su, tun ba ta kai rabi ba na gane.

"Tsaya," na ce mata. "Duk 'yan fari ne."

Na'urar ba ta yi kuskure ba, abin da aka faɗa mata ta riƙe. Tsofaffin nan kowace ta lissafa 'ya'yanta tsaf ta tsallake na farko, mu kuma muna ta murna muna naɗa. Har Kabiru ɗan farinmu yana cikin marasa uwa, ni na ƙulla shi ta wajen uba kawai. Rukayya ta juya ta dubi mahaifiyarta.

"Umma, har da ke?"

"Ke rufa mini baki. Da wane bakin zan faɗa? Ubansa ai yana nan, shi da ba shi da ta ido."

Gyaran sauran bai yi wuya ba. Wani ubansa na da rai, wani akwai gwaggon da ta ci tuwon sunansa, wata uwar ma in aka matsa sai ta rufe fuska da mayafi ta ce e, a wuce wurin. Kafin kaka kowa ya samu uwarsa. Saura ni. Mahaifina ya daɗe da rasuwa, Gwaggo Dije ta rasu, duk wanda ya zauna a tabarmar sunana ya riga mu gidan gaskiya in ban da mutum ɗaya, ita ce kuma ba za ta faɗa ba. Rukayya ta kunna mini muryar da ta naɗo, na ji Inna da bakinta tana cewa, "Na fari Iro," ba ko gargada. Iro da ya ji labari ya ce shi zai yi shaida. Na ce kai Iro, lokacin da aka raɗa mini suna kana ina? Ya ce to ai kowa ya sani. Na ce kowa ya sani, amma sharaɗin ba haka ya ce ba, kuma ni na kafa shi.

An sa taron dangi bayan Babbar Salla a Gwaram, inda za a haska saƙar a bango da majigi kowa ya ga wurinsa. Inna kuma a shekarar jikinta ya fara sanyi, ba ta fita ko tsakar gida sai an riƙe ta. Rukayya ta kawo mini hanya biyu. Ko ta ƙulla zaren da hannunta, aikin da bai fi ƙiftawar ido ba, ko kuma in shiga wurin Inna in tambaye ta gaba da gaba a naɗa. Na ƙi duka biyun. Na farko, in na karya sharaɗi don kaina, gobe kowa ma ya karya. Na biyu kuwa, tsohuwar da ta riƙe abu tun tana yarinya, ba ni zan je in tsare ta a kan gadon ciwo in ce sai ta sake shi ba. Wannan shi ne dalilin da na faɗa a fili. Wanda ban faɗa ba shi ne, zaren da Rukayya za ta ƙulla da yatsa ba shi nake so ba. Tun da na ji "na fari Iro" maganar ta ƙi barin raina. Ni da jikoki, ni da furfura har a gira, sai ga shi ina so uwata ta ce ni nata ne, kuma ina so ta faɗa don kanta.

Aka yi taro, aka haska. Mutane suna ta nuna kansu a bango suna shewa, magidantan nan biyu na tasha suka ga zarensu ya haɗu a wurin kaka ɗaya suka rungume juna. Gidana kuwa yana can gefe shi kaɗai. Wani mai tsokana daga cikin taubasaina ya ɗaga murya ya ce ashe Malam Adamu baƙo ne, a ba shi ruwa ya kama hanya. Aka yi dariya, ni ma na yi. Kabiru bai yi ba. Ya tashi ya fita da 'ya'yansa, a mota kuma ya faɗa mini maganar da na san ta daɗe a ransa, wai na bari an mayar da su bare a gaban dangi saboda taurin kaina da na tsohuwar da ba ta damu da ni ba. Ya daɗe bai taka Fagam ba bayan wannan. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma ban ga laifinsa ba, shi a birni ya tashi.

Rukayya ce ba ta haƙura ba. Ta koma Kano, bayan 'yan makonni sai ga ta ta dawo, ta ce in raka ta Fagam. Na ce in dai tambayar nan za ki yi mata, ban yarda ba. Ta ce wallahi ba za ta tambaye ta ko wa ta haifa ba, ba za ta ma ambace ni ba. A hanya take gaya mini dabarar. Ta ce na'urar ba sai an faɗa mata komai ba, in aka ba ta gaskiya biyu da ƙa'ida ɗaya ita za ta fitar da ta uku. Kakar mutum dai ko ta haifi ubansa ko ta haifi uwarsa, babu hanya ta uku. Kaka kuma ba ta kunyar jika.

Mun isa da hantsi. An fito da Inna an jingina ta da bango a inuwar rumfa. Rukayya ta shiga, ni na tsaya a bayan danga inda nake jin su ba a ganina. Na ji sun gaisa, Inna tana tsokanarta wai ta rame, ko mutanen Kano ba sa dafa tuwo ne. Sai Rukayya ta ce za ta naɗa, ta ajiye waya.

"Inna, ni mece ce a wurinki?"

"Ji wata tambaya. Jikata mana, ko an ce miki sayo ki aka yi?"

"To ta wace hanya na zama jikarki?"

Kaji kawai nake ji suna tono a gindin danga. Na ce a raina shi ke nan, yarinyar nan ta ɓata komai. Can sai na ji Inna ta yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

"Ke dai Rukayya akwai fitina. Uwarki 'yar Birnin Kudu ce, ban haife ta ba, ban san ranar da aka haife ta ba, da girmanta na fara ganinta. Sauran kuma, ke da kika yi boko, sai ki lissafa."

Na ji ƙarar maɓallan kwamfuta. Daga baya Rukayya ta nuna mini abin da ta shigar, magana biyu ce kawai, kowace da muryar Inna a jikinta: Inna kakar Rukayya ce, Inna ba ta haifi Rabi ba. Ba ta taɓa sunana ba. Ta sake yin tambayar nan da ta ba mu wahala, a kawo zuri'ar Inna, sai na'urar da kanta ta ja zare daga Inna zuwa kaina, ku duka kuka biyo baya. Amma a lokacin ban ga wannan ba, ina bayan danga. Abin da na ji kawai shi ne muryar Rukayya tana cewa, "Ya fito, Inna. Shi ne a sama."

"To madalla," in ji Inna. Sai ta ɗaga murya, yadda ban ji ta ɗaga ba tun da ta kwanta. "Ki ce wa na bayan dangan nan ya bar tsayuwa a rana. Tun yana bayana rana ke sa shi haɓo."

Ashe ta san ina wurin. Har yau in na daɗe a rana sai hancina ya zubar da jini, kuma ban taɓa sanin tun ina goye abin ya faro ba, Gwaggo ma ba ta sani ba. Mutum ɗaya ce a duniya ta san wannan, ta kuma riƙe shi fiye da shekara sittin. Na lallaɓa na koma inuwar ɗorawar da ke ƙofar gida kamar yadda ta ce, na zauna a ƙasa da babbar rigata, na yi kuka har Iro ya fito yana tambaya ko wani ne ya rasu.